Waya mai manyan kaya ko wadda ake wa afdet a kan lokaci, wacce zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah shawara nake nema. Wayoyi biyu nake dubawa, ɗaya ram ɗinta (ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita) 12GB, kyamara 108MP, cajinta kuma nan da nan ta cika, amma kamfanin shekara 2 kawai suka ce za su riƙa turo afdet. Ɗayar ram 8GB ce, cajin ba sauri sosai, sai dai an ce shekara 7 za a yi ana sabunta ta. Ni ba mai yawan canza waya ba ne, ta hannuna ma shekararta 5.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ka ce waya tana shekara 5 a hannunka, ta biyun zan ce ka ɗauka, amma bari in yi maka bayani don kar ya zama ka bi maganata ido rufe.

Afdet iri biyu ne, mutane kuma suna yawan haɗa su. Akwai na sabon Android, wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara ya canza maka fasalin waya, wannan ko ya makara wata shida ba abin da zai same ka. Akwai kuma na tsaro, wanda Google ke fitar da jerin ramukan da aka toshe, shi ne ni nake damuwa da shi. A 2015 an gano wata kafa a Android da aka sa wa suna Stagefright, saƙon MMS, wato na hoto ko bidiyo, kawai za a turo maka a iya shiga wayar, wani lokacin ma ba sai ka buɗe ba. Google ya gyara, amma wayoyi da yawa gyaran bai taɓa isa gare su ba saboda kamfanoninsu sun riga sun daina kula da su. To ka duba yau abin da ke cikin wayarka, manhajar banki, hotunan iyali, imel, lambobin da ake turo maka na shiga asusu, duk wannan ka ɗora a kan wayar da aka bari shekara 3 ba ko facin tsaro ɗaya, wallahi abin yana damuna idan na gani, kuma ina gani sosai.

Yanzu batun kaya. 108MP ɗin nan kar ta ruɗe ka, yawanci wayar haɗe ɗigo tara-tara take yi ta ba ka hoton 12MP, kyawun hoto ya fi dogara da girman sensa da yadda manhajar ke sarrafa shi. Haka ram, ka duba da kyau ko 12GB ɗin ta gaske ce, don wasu sukan rubuta 8+4 ko 6+6, ragowar daga ma'ajiyar wayar ake aro, kuma ba ta kai ta ainihi gudu ba ko kusa.

Amma fa ba ina cewa kaya ba komai ba ne. Ram da furosesa, wato injin da ke sarrafa aikin wayar, ba a ƙara su bayan an saya, idan ka ɗauki mai ram 4GB da ma'ajiya 64GB don an yi maka alkawarin shekara 6, kafin shekara ta uku za ta fara jan ƙafa, afdet ɗin ma da ƙyar zai samu wurin zama. 8GB da 128GB ko 256GB ya wadatar da mai amfani na yau da kullum. Wanda ke buga manyan wasanni ko tace bidiyo kuma yana canza waya duk shekara 2, shi kam ya bi ƙarfin furosesa, ba laifi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa, shekarun nan daga ranar da wayar ta fito kasuwa ake ƙirga su, ba daga ranar da ka saya ba. Pixel 8 ta fito a Oktoban 2023 da alkawarin shekara 7, wato zuwa 2030, Galaxy S24 kuma Janairun 2024 ita ma shekara 7. Don haka waccan mai shekara 2, idan ta riga ta yi shekara a kasuwa, saura ɗaya ke nan ya rage maka. Sannan alkawari daban, zuwa a kan lokaci daban, Pixel da iPhone kai tsaye suke samu daga masu manhajar, sauran sai kamfani ya gama daidaita nasa tukuna.

Kafin ka biya ka karɓi wayar a hannu, ka shiga saitin, wajen bayanin waya, ka nemi kwanan watan facin tsaro na ƙarshe, idan da hali a haɗa ta da intanet ka gani ko wani sabo zai sauko. Ka kuma tambaya ko ana samun batirinta na asali, don batir yakan fara rauni bayan caji ɗari biyar zuwa dubu, kuma a shekara 7 sai ka canza shi aƙalla sau ɗaya.