Ko ya dace a sayi littafin koyon haɗa sola a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga talla a Facebook na wani littafi da bidiyo da ake sayarwa daga Amurka, wai suna koya wa mutum ƙera farantin sola da hannunsa, ya huta da kuɗin mai da na wuta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagare ni. Shin in saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Shawarata ita ce kada ka saya, musamman idan abin da littafin ya yi alkawari shi ne ƙera farantin kansa.

Abin da irin waɗannan littattafai ke koyarwa gaskiya ne a ilmance: ƙwayar sola ɗaya, wato ɗan ƙaramin yankin da ake jerawa a cikin faranti, tana ba da kusan rabin bolt, idan aka jona 36 da dalma a jere sai a samu kusan bolt 18, wanda zai yi cajin batir mai bolt 12. Matsalar tana wajen rufe su. A masana'anta, ana manne ƙwayoyin tsakanin gilashi mai ƙwari da wata roba ta musamman, a zuƙe iskar ciki sannan a gasa, shi ya sa kamfanoni ke ba da garantin shekara 25. Wanda aka haɗa a gida da katako da gam kuwa, danshin damina kan shige shi, haɗin dalmar ya ci tsatsa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara. Waɗannan littattafai sun yi tashe ne lokacin da faranti ke da tsada. Daga 2010 zuwa 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, saboda yawan da Sin ke ƙerawa. A yau batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) ne ke cinye kuɗin mai haɗa sola, kuma babu littafin da zai koya maka ƙera su a tsakar gida.

Akwai kuma batun ƙasa. Marubucin Amurka yana magana ne da mai wutar gida ta bolt 120, alhali tamu 230 ce, kuma sau da yawa lissafin ribarsa ya dogara ne da sayar wa kamfanin lantarki rarar wuta, abin da bai shafi mai neman fanka ta kwana tana juyawa bayan an ɗauke wuta ba.

Ilmin da kake buƙata shi ne lissafin kayan gidanka, kuma takarda da biro sun isa. Ka ninka wat ɗin kowane abu sau yawan awannin da zai yi yana aiki: fanka mai wat 70 da za ta yi awa 8 tana cin 560, ƙwayayen fitila shida masu wat 10 na awa 5 suna cin 300, talabijin mai wat 60 na awa 4 kuma 240, jimla 1,100. Raba wannan da awa 5 na rana mai ƙarfi da ake samu a Arewa, sannan ka ƙara kusan kashi 30 saboda asara a waya da zafi da ƙurar hunturu, za ka ga faranti mai wat 300 zai ɗauke ka. Da wannan takarda a hannu, mai shago ba zai iya ɗora maka abin da ya ga dama ba.

Tambaya: Ɗana ya karanta lantarki, ya ce zai sayo kayan ya haɗa mana da kansa. Akwai haɗari? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, wannan ya fi na farko ma'ana, domin kayan masana'anta zai jona. Sai dai ya sanya fiyus kusa da batir, ya yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, domin siririyar waya a ƙaramin bolt zafi take yi har ta narke. Kada ya jona faranti da batir kai tsaye ba tare da kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir) ba, kuma idan batir mai ruwa ne, kada a riƙa zuƙe fiye da rabin cajinsa, a kuma ajiye shi inda iska ke shiga. Ranar da za a haɗa inbata da wayoyin gida, a kira ƙwararren mai aikin wuta ya sa makunnin canjin layi, don kada wutar NEPA ta dawo ta haɗu da ta inbata.