Ina tsoron cin Jibin Ubangiji, kada in jawo wa kaina hukunci

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai bi ce, an yi mini baftisma tun ina budurwa, ina kuma cikin zumuntar mata. Amma na daɗe rabona da Jibin Ubangiji. Duk ranar jibi idan fasto ya karanta 1 Korintiyawa 11, inda Manzo Bulus ya ce wanda ya ci ba da cancanta ba yana jawo wa kansa hukunci, har ya ce shi ya sa wasu ke ciwo wasu kuma suka mutu, sai gabana ya faɗi, in bar faranti ya wuce ni. Na san halina, ina da saurin fushi, bakina kuma ba ya shiru. Yaushe mutum zai san ya cancanta?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Masu barin faranti ya wuce saboda wannan tsoro suna da yawa. In da cancanta na nufin mutum ya tsarkaka sarai, da babu mai miƙa hannu, har da faston da ke rabawa. Wani abu ne takamaimai ya faru a Korinti ya sa Bulus ya yi wannan kakkausar magana, kuma yana nan rubuce daga aya 17 zuwa 22. Matsalar ita ce ranar jibi galibi daga aya 23 ake fara karatu, sai a ji hukunci ba a ji laifin ba.

Korinti birnin kasuwanci ne a ƙasar Girka, a kan wani siririn wuyan ƙasa tsakanin tekuna biyu, kowane gefe da tashar jiragen ruwa. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sake kafa shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, aka zuba 'yantattun bayi da yawa a ciki. Gari ne na masu sabon arziki, inda kowa ke son a san matsayinsa. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a can yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa, har aka kai shi ƙara gaban gwamna Galiyo. Wani rubutun dutse da aka samu a Delfi ya nuna Galiyo ya yi mulki wajen shekara ta 51 zuwa 52 bayan haihuwar Almasihu. Bayan 'yan shekaru, Bulus yana Afisa, labari ya iske shi cewa ikkilisiyar ta rarrabu, shi ne ya rubuta wannan wasiƙa.

A lokacin masu bi ba su da ginin sujada, a gidajen mutane suke taruwa. A Romawa 16:23 Bulus ya ambaci Gayus, wanda dukan ikkilisiya ke taruwa a gidansa, da Arastas ma'ajin gari. Ke nan akwai masu hali. Amma a 1 Korintiyawa 1:26 ya ce masu iko da 'ya'yan manya ba su da yawa a cikinsu, a sura 7 kuma yana magana kai tsaye da bayi. Jibin ma ba ɗan gutsuren gurasa da ƙaramin kofi ba ne kamar yadda muka saba. Cikakken abincin dare ne, ana gutsura gurasa a farko, ana ɗaukar ƙoƙo bayan an ci.

To, ki dubi yadda yammar take. Lahadi ranar aiki ce, don sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin ya mai da ita ranar hutu. Mai hali ya gama harkarsa da wuri, ya yi wanka, ya iso tun da sauran rana. Mai gida ya shigar da shi ɗakin cin abinci, wanda a al'adar Romawa gadaje uku ne, mutum tara ke kishingiɗa a kai. Bawa kuwa sai ubangidansa ya sallame shi, ɗan dako sai an gama sauke kayan jirgi. Kafin su iso duhu ya yi, an cinye nama, tulun ruwan inabi ya yi ƙasa, sai su rakuɓe a tsakar gida suna jin dariya daga ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Romawa. Wani marubucinsu mai suna Filini Ƙarami ya ba da labarin liyafar da ya je, inda mai gida ya kasa ruwan inabi kashi uku bisa darajar baƙi, shi da manyan abokansa suka ci mai kyau, sauran aka ba su na banza. Kin san irin bikin da ake jere kaji a babban tebur, na baya kuma suna jiran ko shinkafa za ta kai kansu. Haka Korintiyawa suka ɗauko wannan tsari suka shigo da shi teburin Ubangiji.

Shi ya sa Bulus ya ce taronsu ɓarna yake yi ba gyara ba, abin da suke ci ma ba Jibin Ubangiji ba ne, don kowa na rige-rigen cin nasa, wani na fama da yunwa wani ya bugu. Ya tambaye su ko ba su da gidajen da za su ci su sha, ko kuwa raina ikkilisiyar Allah suke yi, suna kunyata marasa shi. Sai bayan wannan ya tuna musu daren da aka ba da Yesu. Saboda haka cin da ba na cancanta ba, a bakin Bulus, shi ne a ci gurasar wanda ya ba da jikinsa domin kowa alhali ana wulaƙanta ɗan'uwan da ya mutu dominsa. A aya 29 ya yi maganar wanda ya ci bai gane jikin ba. Jikin Almasihu da aka bayar a kan gicciye yana ciki, amma ki tuna a 10:17 ya riga ya ce tun da gurasar ɗaya ce, mu da muke da yawa jiki ɗaya ne, sura 12 kuma ta yi dogon bayani a kan haka.

Ki lura da maganin da ya ba su. A aya 28 ya ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci, ya sha. Ƙarshen aunawar ci ne. A aya 33 da 34 ya ce in sun taru su jira juna, mai jin yunwa ya ci a gida. Ko waɗannan da suka yi wannan ta'asa bai ce su daina zuwa teburi ba.

A ganina, wurin da ya fi dacewa a karanta wannan sura da ƙarfi shi ne ranar godiyar kaka ko ranar tara kuɗin gini, sa'ad da ake tayar da tsohuwa daga benci na gaba don mai babbar riga ya iso. Yaƙub ya faɗi wannan a sura 2 ta wasiƙarsa: mai zoben zinariya a ba shi wuri mai kyau, matalauci a ce masa ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Bulus ma ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya don ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, Galatiyawa 2. Manzanni sun ɗauki maganar wa ke ci da wa da nauyi ƙwarai.

Kada ki ji kamar na ce zunubin mutum ba komai ba ne a wajen jibi. A 1 Korintiyawa sura 5 Bulus ya umarta a fitar da mutumin da ke zama da matar ubansa ba ya kuma tuba. A 10:21 ya ce ba a haɗa ƙoƙon Ubangiji da na aljanu. Wani tsohon littafin koyarwar ikkilisiya da ake kira Didake ya ce a furta zunubai kafin a gutsura gurasa, mai rigima da ɗan'uwansa kuma kada ya shiga taron sai sun shirya, daidai da maganar Yesu a Matiyu 5:23-24. Daga irin waɗannan nassosi ikkilisiyoyi suka samo tsarinsu: Katolika na furta babban zunubi ga fada kafin su karɓa, ikkilisiyoyinmu da yawa kuma na dakatar da wanda ke ƙarƙashin horo. Amma akwai tazara tsakanin mai taurin kai da ya rungumi zunubinsa da ke da kike kuka da halinki.

Batun ciwo da mutuwa a sura 11 aya 30, Bulus ya faɗa, ba za mu goge ba. Sai dai a aya 32 ya kira shi horon Ubangiji don kada a hukunta su tare da duniya. Kuma kada ki mai da kowane zazzaɓi hukunci. Timoti na fama da ciwon ciki, Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa yana cikin aikin Almasihu, Bulus bai ɗora wa kowannensu laifi ba.

Ga abin da zan ce ki yi kafin jibi mai zuwa. Ki zauna ki tambayi kanki ko akwai wadda bakinki ya yi wa rauni har yanzu ba kwa gaisawa, ko a zumunta, ko a gida, ko 'yar aikin da kike yi wa tsawa a gaban yara. In akwai, ki same ta ki nemi gafara; in ta ƙi karɓa, ke kin sauke naki. Sauran kuma ki furta wa Ubangiji, 1 Yohanna 1:9 ta ishe ki. Sa'an nan ki je wurin fastonki ko matarsa ki gaya musu tun yaushe kika daina ci da dalilin, don mai yiwuwa sun ɗauka wani abu ne daban ya hana ki. In ba a ƙarƙashin horo kike ba, ranar jibi ki miƙa hannu ki ɗauka.