Kafin ka sauke Windows daga sabuwar kwamfuta

Ka tambaye ni ko ya dace ka sauke Windows ka ɗora Linux, wato manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a sabuwar laftof ɗin da mai ita yake kukan tana nauyi. Ya dace, domin ƙaramin injin Celeron da ma'adanar aiki (RAM) giga 4 da ke cikinta ba su iya jan Windows 11 yadda ya kamata, duk da cewa Microsoft ya ce giga 4 ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Linux Mint mai Xfce, wani nau'in Linux mara nauyi, zai zauna mata daram, kuma ba a biyan ko kwabo. Yadda ake loda shi a filashi kuwa, idan har yanzu sai na koya maka, to zamanka a shagon nan ɗumama benci ne kawai.

Amma ku yaran zamani ba ku tsayawa ku tambayi mutum sana'ar da yake yi da na'urarsa, hannunku ya riga hankalinku. Wani mai shagon buga takardu ya taɓa kawo mini laftof sabuwa dal a kwalinta, ya ce manhajar kyauta yake so. Na faɗa masa a gaban mutane cewa CorelDraw, manhajar tsara zane, ba ya aiki a Linux, alhali katin ɗaurin aure da kalandar da yake ci da su duk a can ake tsara su, kuma ko da yake akwai Inkscape, makamancinsa na kyauta, sai ya zauna ya koye shi daga farko. Ya ce ya ji ya gani, na ɗora masa Linux. Da ya karɓi kwangilar fastocin siyasa ya kasa fitar da su, sai ga shi da ɗan sanda, wai na lalata masa na'ura. Waɗanda aka yi maganar a gabansu kowa ya ce bai ji ba. Mayar da Windows bai ba ni wahala ba, tunda lasisinsa yana ajiye a babban allon da ke cikin na'urar (motherboard), amma shugabannin kasuwa suka ce a yi sulhu, aka ɗora mini rabin asarar kwangilar. Ladan aikina ma har yau bai biya ba, kuma yakan wuce ta nan ya yi mini sallama ba kunya.

Don haka ka fara kunna Linux daga filashi ba tare da ka girka ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da firintar mai laftof ɗin a gabansa, sannan ka kwashe masa fayilolinsa. Kada ka goge komai sai ya rubuta a littafin shago cewa shi ya nema, ya sa hannu da kwanan wata.