Amsa ga Hajiya kan laimar kwaɗin da ta fito a gindin tuffarta

Wa'alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki a kan bishiyar tuffar da ke bayan gidanki a nan Ingila, wadda ganyenta ya yi rawaya tun lokacin zafi, yanzu kuma laimar kwaɗi mai launin zuma ta fito cunkus a gindinta, kina neman maganin da za ki fesa.

Kafin ki kashe ko sisi, ɗauki wuƙa ki ɗaga ɓawon daidai inda gindin ya haɗu da ƙasa. In kin tarar da wani farin abu shimfiɗe tsakanin ɓawo da itace kamar jiƙaƙƙiyar takarda, yana warin naman kaza, to Armillaria ce, wato cutar da ke ruɓar da saiwar bishiya, ita ce kuma ke fito da wannan laimar. Wannan shaidar ta fi laimar ƙarfi, domin ita laimar 'yan makonni take yi a kaka ta ruɓe, wata shekarar ma ba ta leƙowa.

Gaskiya mai ɗaci ita ce, babu maganin feshin da ke kashe ta. Ciwon a ƙarƙashin ƙasa yake. Ni na gani da idona. Da muka tare a gidanmu akwai wani tsohon kututture a lungun lambu, na bar shi yara suna zama a kai. Shekara biyu sai shingen itatuwanmu ya fara bushewa ɗaya bayan ɗaya, daga ɓangaren kututturen. Ranar da na sa diga na tona, sai ga wasu baƙaƙen jijiyoyi kamar igiyar takalmi sun fito daga jikinsa sun nufi saiwoyin shingen. Wallahi raina ya ɓaci, don da hannuna na dasa rabinsu. Da waɗannan igiyoyin take tafiya, tana iya cin mita 1 a shekara, kuma mataccen itace shi ne rumbunta. A dajin Malheur da ke jihar Oregon ta Amurka, guda ɗaya tak ta mamaye fiye da murabba'in kilomita 9. Manoman koko a Ghana ma sun san ta, tana tsaga musu gindin bishiya.

Don haka in farin nan ya zagaye gindin, ki haƙura da bishiyar. A tumɓuke ta da kututturen da duk saiwar da hannu zai kai, a fitar da su daga lambun, kada a zuba cikin takin gida. A wanke shebur da diga. Ni na haƙa rami mai zurfin santimita 45 na jera leda mai kauri a tsaye, na raba wurin da sauran itatuwa, na bar shi ciyawa kawai sama da shekara. Kada ki sake dasa tuffa a ramin nan.

Ita kuma laimar, na san wasu Turawa na dafa ta su ci, amma ɗanyarta na ɓata ciki, kuma akwai masu kama da ita da ke kisa. Ki tsince ta ki zubar kafin jikokinki su kai hannu.