Na biya kuɗin jadawalin girki har wata uku, ga abin da na gani

Wa alaikis salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin ga masu tallar jadawalin girki na wata, a biya su su tsara abin da za a dafa safe da rana da dare, su haɗo da lissafin cefane, kuma suna cewa kuɗin abinci zai ragu. Kina so ki ji daga bakin wadda ta gwada kafin ki tura kuɗinki. Ni na gwada, a nan Kano.

A watan Yunin 2024 na shiga. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin cefane ya daina isa, kuma a wancan lokacin hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mu bakwai ne a gida: ni, Abban yara, yara huɗu, da ƙanwarsa da ke karatu a wajenmu. Abin da yake ba ni a farkon wata ba ya kai ranar 20, ga nauyin sake tambaya alhali na san halin da yake ciki. Naira 5,000 nake biya na jadawalin duk wata a lokacin.

Ba zan ci haƙƙin matar da ke tsara jadawalin ba, na ƙaru da ita a abu biyu. Na farko awo. Shekara goma sha ɗaya ina girki da ido, in kamfato shinkafa in zuba, a ci a ƙoshi, a ba almajirai, sauran ya kwana ya lalace saboda zafi. A jadawalinta kowane abinci da yawan gwangwanin da ya kamata a auna wa mutum ɗaya. Da na fara aunawa sai na gano kusan gwangwani biyu nake ƙarawa a kowace tukunya ba gaira ba dalili. Ki lissafa wannan sau talatin. Na biyu, na daina aiken yara shago sau biyar a wuni, man gyaɗa na ƙulli yanzu, dunƙule anjima, gishiri da yamma. Wannan sayen na ɗan kaɗan-kaɗan shi ne ke cinye kuɗi ba ki gani ba.

Amma daga nan fa amfaninsa ya tsaya a wajena. Jadawali ɗaya ne ake tura wa kowa, mai mutum biyu a gida da mai mutum goma, ta Kano da ta Abuja da ta Legas. Ki tuna Yuni ne, lokacin da tumatir ya fi tsada a shekara, amma miyar tumatir sau huɗu take fitowa a sati, ban da dafa-duka, ga kaza sau biyu. Sannan aka ce a soya miyar sati gaba ɗaya a sa a firiza. Na bi umarni, aka ɗauke wuta kwana biyu, tukunya guda ta yi tsami. Ranar na yi kuka, don kuɗin kwana bakwai ne na zubar a kwata.

Daga baya na fahimci inda matsalar take. Wannan sana'a daga ƙasashe irin su Amurka aka kwaikwayo ta. Can manhaja ce ke tsara abincin sati, ta fitar da jerin kayan da za a saya a babban kanti, farashi a rubuce a jikin kaya, wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa farashinmu yana bin lokaci ne, da kasuwar da kika je, da iya cinikinki. Wadda ba ta san garinki ba, ba ta san ko kina da firiza ba, ba ta san me yaranki ke ci ba, za ta iya gaya miki abin da za ki dafa, amma ba za ta iya gaya miki yaushe za ki saya ba. Kuma a nan ragin yake.

Abin da ya sauke mana nauyi da gaske sayen kaya a kan lokacinsa ne. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, Abban yara kan je kasuwar Dawanau ya auno masara da gero da dawa da wake. Na san da ruwan ciki ake jan na rijiya, ba kowa ke da kuɗin buhu a hannu ba. Mu ma ba mu da shi. Adashe na shiga na roƙi a ba ni ɗaukar Nuwamba, sannan muka haɗa da maƙwabta biyu, buhu mai kwano 40 mu raba uku. Waken a jarka nake zubawa, busasshiya ƙarau, in cika ta har wuya in toshe da leda kafin murfi. In iska ba ta shiga ba ƙwari ba sa rayuwa, ba sai kin sa magani a abin da za ki ba yaranki ba.

Tumatir kuma da rani, wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da na Kadawa da Kura ya cika kasuwar Yankaba, kwando nake saya in yanka in shanya. Kauɗar nan ita ke riƙe ni har damina ta wuce. In damina ta sauka ba na ma neman miyar tumatir sosai, ga zogale da rama da yakuwa da alayyahu da ɗanyar kuɓewa kusan kyauta. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ba sa yankewa a ɗakina. Taliya da mai da sukari katan ko jarka daga kasuwar Singer, shi ma mu raba. Nama in ya gagara, waken suya yana nan, awara a miya yara ba sa ƙi. Da Sallah ƙarama kuwa watanda muke shiga.

Wani abu da jadawalin bai taɓo ba ko sau ɗaya shi ne ɗumame. A gidana tuwon dare da gangan nake ƙara shi don safe, ya hutar da ni sayen burodi da madara na mutum bakwai. Haka jiƙa wake tun dare yana rage gas ba kaɗan ba.

Sannan ki duba wa ke yin cefane a gidanki. In maigida ne, kamar yawancin gidajenmu, kome kika tsara sai kin zauna da shi kun yi magana, in ba haka ba kin rubuta kifi ya shigo da kabeji.

In har ranki ya kwanta da biyan, ki biya sau ɗaya ki ɗauki awon da tsarin, kada ki yarda da na wata-wata. Kafin ki tura, ki lura ko ta tambaye ki ku nawa ne, nawa kike kashewa, wane gari kike, akwai wuta ko babu. In ba ta tambaya ba, wanda ta tura wa kowa za ta turo miki. In kuma akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidan, wannan magana ce daban, ki je asibiti ki ga ma'aikacin da ya karanci abinci, kuɗin da kika ba shi bai faɗi ƙasa ba.

Ni dai tun Satumbar shekarar na koma littafi mai shafi arba'in. Duk Juma'a da yamma in leƙa ɗakin ajiya in ga abin da ya rage, in tambayi abin da ya yi sauƙi a kasuwa, sannan in rubuta girkin kwana bakwai. Ki gaya mini ku nawa ne a gida da garin da kike, in ɗauki hoton shafin awona in turo miki, ki gwada shi wannan watan.