Tanti, portabul ta cinye min memuwar

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti, ina wuni. Ni ɗalibi ne a jami'ar Djibo Hamani nan Tahoua, shekara ta uku, memuwar kawai ta rage min, wato rubutun binciken gama karatu, amma wallahi wata 2 kenan ban wuce shafi 4 ba. Kullum na zauna rubutu sai in ce bari in leƙa WhatsApp ko ƴan guruf sun turo wani abu, daga nan sai TikTok, kafin in ankara an kira la'asar, forfen jaka guda ya ƙare, sai in ce gobe in sha Allah. Tsohuwa kuwa in ta gan ni riƙe da waya cewa take a bar shi karatu yake, kunya kamar in nutse. Yaya zan yi?
Ƙaninki daga Tahoua

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar tsohuwa ta ba ni dariya, ta kuma ba ni tausayi, baiwar Allah.

Ni a ganina tsoron memuwar nan kake, portabul maɓoya ce kawai. Shafi na 5 ne ya gagare ka, ba ka san ta inda za ka kama shi ba, ita kuwa TikTok ba ta tambayarka komai, bidiyo na ƙarewa wani na hawa, kuma tana lura da wanda ka tsaya a kai ta ƙaro maka irinsa, ba ta da ƙarshe balle ka ce bari in kai ƙarshe in tashi.

Shiga parametir ɗin wayarka, in Android ce akwai wurin da ke nuna awa nawa ka yi a kan kowace manhaja, a nan ma ake sa mata iyaka. Duba na jiya, amma ka zauna tukuna kafin ka duba.

Sai dai iyakar nan da yatsa ɗaya ake cire ta, don haka kar ka yarda da kanka. Da safe kai wayar wurin mai caji, ka dawo da biro da kaye, ba za ka karɓo ta ba sai ka cika shafi ɗaya, ko da shirme ne, malaminka zai gyara, ai aikinsa kenan. In a fada kake yini, miƙa wa mai dafa shayi ita tun kafin ya hura gawayi, kar ya ba ka sai an sha na uku.

Ranar Jumma'a ka turo min shafi nawa ka kai. Ka gaishe min da tsohuwa.