Amsa ga mai tambaya kan gauraya siminti da jar ƙasa a gyaran layi

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ƙungiyar unguwarku ta yi karo-karo za ku gyara layinku, wani ya ba ku shawarar ku gauraya siminti da jar ƙasa maimakon zuba kankare, kana son sanin ko zai riƙe. Na daɗe ina aikin hanya a ƙarƙashin 'yan kwangila, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Zai riƙe, amma fa ba simintin ne gwanin ba. Ruwa shi ne ajalin hanya. In layinku ba shi da magudana hagu da dama, kuma ba a ɗan tada tsakiyarsa don ruwa ya gangare ba, ku fara kashe kuɗin a can. Mun taɓa yin wani aiki da aka ce kwata ta jira sai kuɗi sun fito. Damina ɗaya, gefen hanyar ya zaizaye, ruwa ya shige ƙarƙashi, abin ya riƙa ɓantarewa kamar ƙanzo.

Sai ƙasar kanta. Jar ƙasa mai tsakuwa, irin ta burji, ita ke shiri da siminti. Baƙar lakar nan mai kumbura da damina ta tsage da rani, wadda ta yi yawa a wasu sassan Barno da Adamawa, siminti kaɗai ba ya iya mata. Injiniyoyi kan fara sa mata laim, wato hodar toyayyen dutsen farar ƙasa, ko a kwashe ta. In kuma layin tsohon juji ne, a kankare saman tas, don taki da ruɓaɓɓen shara na hana siminti kamawa.

Ga lissafi, don kada a ruɗe ku. Galibi ana sa kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin ƙasar, gwajin ƙasa ne ke tantancewa. A ɗauki kashi 5, kaurin santimita 15: buhu ɗaya mai kilo 50 zai ci murabba'in mita uku da ɗoriya kaɗan. Layi mai faɗin mita 6 da tsawon mita 100 zai lashe buhu wajen 180. Kada wani ya ce a ninka don ya ƙara ƙarfi. In ya yi yawa tsagewa yake yi idan ya bushe, tsagar ta biyo har saman kwalta. Asarar kuɗi ce kawai, ga shi dama toya siminti na cikin manyan masu fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ranar aikin. A jera buhunan a tazara daidai, a baje, gireda ta juya har launin ya zama ɗaya, sannan tanka ta yayyafa ruwa. Ni da hannu nake gwadawa: in dunƙula ƙasar, in ta tsaya curi ba ta jiƙa min tafi ba, na ɓara ta kuma ta rabu biyu ba ta wargaje ba, to ta yi. Daga nan rola ta hau, kada a wuce awa biyu. Na sha ganin an kwaɓa da hantsi, direban rola bai iso ba sai bayan la'asar. Wannan kam an binne siminti ne kawai.

Bayan nan kwana bakwai ana shayar da shi safe da yamma, a tare layin, ko tifa ko a-daidaita-sahu kada su bi. Nan ne za ku sha surutun maƙwabta, sai mai unguwa ya tsaya muku. Kuma a rufe saman da kwalta ko bulon shimfiɗa, don in an bar shi tsirara taya za ta cinye shi.

Turo mana hoton ƙasar layin da inda ruwa ke kwanciya in an yi sama, mu gani kafin ku sayi ko buhu ɗaya.